Amsa Daidai, Fahimta Babu: Gaskiya da Auna Ɗalibi a Lissafin Jami'a

Rubuta 16 bisa 64 a takarda. Akwai 6 a sama, akwai 6 a ƙasa, to soke su duka biyun. Abin da ya rage shi ne 1 bisa 4, kuma amsar ke nan daidai. Gwada da 19 bisa 95, ka soke 9 da 9, za ka sami 1 bisa 5, nan ma daidai. Amma hanyar ɓatacciya ce tun daga tushe, domin ba a soke alƙaluma haka a lissafi, dace kawai aka yi. Da ka kai ta kan 12 bisa 24 asirinta zai tonu, don za ta ba ka 1 bisa 4 alhali kowa ya san rabi ne. Malamin da layin ƙarshe kaɗai yake dubawa zai ba mai wannan hanya cikakken maki sau biyu, ya sallame shi yana murnar ya iya.

Duk lokacin da aka tayar da zancen gaskiya a karatun lissafi na jami'a, hankali kan karkata wuri guda: wa ya saci amsa, ta yaya za a kama shi, wane hukunci ya dace da shi. Waɗannan tambayoyi ne masu nauyi, ba na raina su. Sai dai akwai wadda ta riga su, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Takardar nan da ɗalibi ya miƙa, shaidar mece ce? Mun saba ɗaukar amsa daidai a matsayin shaidar fahimta, mu ɗauki satar amsa a matsayin abin da ke lalata wannan shaida. Ni a ganina shaidar tana da rauni tun kafin ɓarawo ya taɓa ta, kuma wanda bai gane raunin ba zai ƙare yana dukan taiki ya bar jaki.

A 1973 wani mai bincike, Stanley Erlwanger, ya wallafa labarin wani yaro ɗan shekara 12 a Amurka da ya sakaya sunansa da Benny. Makarantar yaron tana amfani da wani tsari ne inda kowane ɗalibi ke aiki shi kaɗai da takardun tambayoyi, a duba amsoshinsa da takardar amsa, in ya ci ya wuce gaba. Benny yana cikin waɗanda suka fi kowa saurin ci gaba a ajinsu, malamarsa ma tana ganin ya ƙware. Da Erlwanger ya zauna da shi yana tambayarsa yadda yake yi, sai allura ta tono garma. In aka ce ya mayar da 2 bisa 10 zuwa lamba mai ɗigo, sai ya tara 2 da 10 ya sami 12, ya sa ɗigo, ya ce 1.2. In ya tara 0.3 da 0.4 sai ya ce 0.07. Yaron ba daƙiƙi ba ne, ƙa'idojinsa yake da su da ya ƙirƙira da kansa, yana kuma bin su sau da ƙafa. A fahimtarsa lissafi farautar abin da ke cikin takardar amsa ne, kuma ya iya farautar. Bai saci komai ba, amma makin da ya tara shekara da shekaru ba gaskiya yake faɗa a kansa ba.

Bayan shekara uku, a 1976, masanin koyar da lissafi Richard Skemp ya rarrabe abu biyu da mutane ke kira fahimta. Akwai sanin ƙa'idar da za a bi ba tare da sanin dalilinta ba, akwai kuma sanin abin da za a yi tare da sanin me ya sa ake yin sa. Wani zai ce ai wannan matsalar 'yan firamare ce. A 1989 John Selden da Alice Mason da Annie Selden sun tara ɗaliban wata jami'a a Amurka da suka ci kwas ɗin farko na kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, da matsakaicin maki, suka ba su tambayoyi biyar waɗanda ba sa buƙatar wani ilimi fiye da wanda aka koyar da su, illa dai ba su zo da kamannin da aka saba gani ba. Ba a sami ko ɗalibi ɗaya da ya warware tambaya guda har ƙarshe ba. Da aka maimaita gwajin da waɗanda suka ci da babban maki, mafi yawansu su ma ba su warware ko guda ba. Duk waɗannan ɗalibai da guminsu suka ci jarrabawa.

To ka ga akwai mutum uku da za su iya miƙa wa malami takarda iri ɗaya sak. Akwai wanda ya kwafa, akwai wanda ya haddace hanya kamar karatun aku, akwai wanda ya fahimta. A nan lissafi ya sha bamban da fannonin da ake rubuta dogon bayani. In ɗalibai biyu suka rubuta sharhin tarihi kalma da kalma iri ɗaya, biri ya yi kama da mutum. Amma in ɗalibai ɗari suka warware tambayar kalkulas daidai, dole aikinsu ya yi kama, domin hanyar da aka koya musu guda ce, alamomin guda ne, amsar guda ce. Kamanni a aiki mai kyau ba hujja ba ce a kan kowa. Abin da ke tona asiri shi ne kuskure, musamman baƙon kuskuren da da wuya mutum biyu su faɗa cikinsa kowa da kansa. Haka aka yi a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, inda aka tuhumi ɗalibai 73 da maguɗi a jarrabawar kalkulas da suka rubuta daga gida a watan Mayun 2020, lokacin annobar korona. Abin da ya fara jan hankalin malamansu shi ne kuskure iri ɗaya da ya bayyana a takardu da dama. Wannan yana nufin tarkon da muke da shi mai kama wanda ya kwafi kuskure ne. Wanda ya kwafi aiki mai kyau yakan wuce salin alin.

Kuma samun aiki mai kyau da za a kwafa ya daina zama wahala. Wolfram Alpha ya fito a 2009, yana warware mafi yawan tambayoyin kalkulas na shekarar farko. Photomath ya biyo baya a 2014, ka haska tambaya da kyamarar waya ya jero maka matakai. Da annoba ta mayar da jarrabawa kan intanet, Thomas Lancaster da Codrin Cotarlan na Imperial College da ke Landan sun ƙirga tambayoyin da ake turawa shafin Chegg, mai amsa wa ɗalibai tambayoyin karatu, a fannoni biyar na kimiyya da injiniyanci, suka ga tsakanin Afrilu da Agustan 2020 sun ƙaru da kusan kashi 196 cikin ɗari a kan na watannin a 2019. Sai ChatGPT ya iso a ƙarshen Nuwamban 2022. Da farko malaman lissafi sun ɗan sami kwanciyar hankali, don yakan yi tuntuɓe a ƙananan lissafi, amma kwanciyar ba ta daɗe ba. A Yulin 2024 na'urorin ƙirƙirarriyar basira na Google DeepMind sun warware huɗu cikin tambayoyi shida na babbar gasar lissafi ta duniya ta 'yan sakandare, da maki 28 cikin 42, matakin lambar azurfa. A Yulin 2025 an kai biyar cikin shida, maki 35, matakin zinariya. Jingar da ake ba ɗan aji ɗaya ko aji biyu ya tafi da ita gida ba ta kama ƙafar waɗannan tambayoyi a wuya ba.

An yi ƙoƙarin maganin abin ta fuskar doka da ta na'ura. Ostareliya a 2020 da Ingila a 2022 sun haramta sana'ar yi wa ɗalibai aikin makaranta don kuɗi, kuma hakan ya dace, sai dai doka ba ta iya hana mutum tambayar wayarsa. Manhajojin da ake cewa suna gane rubutun na'ura kuwa, kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya saki tasa a Janairun 2023, ya janye ta a Yulin 2023 saboda rashin inganci. A gwajin kamfanin, kashi 26 cikin ɗari kawai na rubutun na'ura take kamawa, tana kuma ɗora wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane laifin da ba su yi ba. Wannan a rubutun zube ne mai yawan kalmomi. A layukan lissafi, inda kowa alamomi ɗaya yake amfani da su, ban ga abin da irin wannan manhaja za ta kama ba. Hukunta ɗalibi a kan zarginta kaɗai zalunci ne.

Wani martanin da ake yawan yi shi ne a hana ɗalibai haɗa kai gaba ɗaya, a ce kowa tasa ta fisshe shi. Wannan na fi jin tsoronsa, domin yana kashe abin da ya fi amfani. A tsakiyar shekarun 1970 Uri Treisman ya bi diddigin yadda ɗalibai ke karatun kalkulas a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana neman dalilin da ya sa ɗalibai baƙar fata masu ƙoƙari ke faɗuwa, 'yan asalin Sin kuma suna ci. Bai sami bambancin a hazaƙa ko himma ba. Abin da ya gani shi ne na farkon su kaɗai suke karatu, na biyun kuwa bayan kowa ya yi nasa sukan taru su yi ta gardama a kan tambayoyi, wannan ya gyara wa wancan. Da ya kafa zaman aiki na rukuni, sakamakon ɗaliban da ke faɗuwa ya sauya. Lissafi da baki ake koyon rabinsa. Abin da ake buƙata shi ne malami ya shata iyaka a fili tun ranar farko, kada ya bar ɗalibi yana kintace. Iyakar da na fi gamsuwa da ita mai sauƙi ce: ku tattauna iya son ranku, amma in an zo rubutawa kowa ya rufe takardun tattaunawar ya rubuta nasa shi kaɗai, sannan ya ambaci wanda ya taimaka masa da abin da ya duba, ko mutum ne ko littafi ko na'ura. Wanda ya iya sake gina hujja bayan an rufe takarda ya mallake ta. Ambaton mai taimako kuma bai kamata ya rage maki ba, in ba haka ba an koya wa ɗalibi cewa gaskiya asara take jawowa.

Bari in faɗi abin da ya sauya mini tunani a kan wannan lamari. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini hujjar nan ta Yuklid, masanin lissafi na tsohuwar Girka, wadda ta haura shekara 2,000, da ke nuna cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka. Ina nufin lambobin da ba abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11. Ya rubuta ta tsaf. A ɗauka suna da iyaka, a ninka su gaba ɗaya, a ƙara 1. Sabuwar lambar da aka samu, duk wadda ka ɗauko a jerin ka raba ta da ita sai 1 ya yi saura. Ya rufe da cewa saboda haka sabuwar lambar ita ma marar rabuwa ce, ga shi kuma ba ta cikin jerin. Da a cikin tarin takardu na same ta, da na ba shi makinsa na wuce. Da yake yana zaune a gabana, sai na ce, "Ke nan in na ɗauki na farko-farkon na ninka na ƙara 1, kullum marar rabuwa zan samu?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam." Muka fara gwadawa. Muka sami 3, sai 7, sai 31, sai 211, sai 2311, duk marasa rabuwa, yana ta gyaɗa kai. Da muka ninka har zuwa 13 muka ƙara 1, sai ga 30031. Na ce ya raba ta da 59. Ya raba, ta ba shi 509 cif, ba saura.

Ya yi shiru yana kallon takardar, can ya ɗago ya ce, "Malam, to hujjar ƙarya ce ke nan?" Na ce, "Duba 59 da 509 ɗin nan, suna cikin lambobin da muka ninka?" Ya duba ya ce ba sa ciki. Ya ɗauki wajen minti biyar bai ce uffan ba, yana ta zane a gefen takarda. Sannan ya ce, "Ashe ba dole ne sabuwar lambar ta zama marar rabuwa ba. Ko dai ita ce, ko kuma akwai wata marar rabuwa da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinmu. Ko ta wace hanya dai jerin bai cika ba." Abin da Yuklid ya nuna ke nan. Har yau ban tambaye shi inda ya samo rubutunsa na farko ba, ko daga littafi ya haddace ko wani ne ya nuna masa. Tambaya guda da bai yi tsammani ba ta gaya mini abin da takardar ta ɓoye, kuma a cikin minti goman nan ya koyi abin da cikakken maki zai hana shi koya.

Saboda irin wannan ne wasu ke kira da a koma jarrabawar baka, inda ɗalibi zai tsaya gaban allo ya kare aikinsa. Ba sabon abu ba ne. A jami'o'in Rasha da Italiya da Jamus an daɗe ana yin ta a lissafi, yayin da a Birtaniya binciken Paola Iannone da Adrian Simpson ya nuna rubutacciyar jarrabawa ta cikin zaure, wadda ba a buɗe littafi, ita ce ta mamaye kusan komai. Amfanin ta baka a fili yake. Ba a aron bakin wani a shiga da shi, kuma malami yana iya bin ɗalibi duk inda tunaninsa ya nufa, ya ɗan ɗaga shi in ya yi tuntuɓe don ya ga ko zai ci gaba. Amma wanda zai yabe ta dole ya san abin da aka taɓa aikatawa da ita. A shekarun 1970 da 1980, a sashen lissafi na Jami'ar Mosko, an yi amfani da jarrabawar baka ta shiga jami'a wajen toshe wa Yahudawa hanya. Akan ware musu tambayoyi na musamman masu kama da sauƙi amma masu tsananin wuyar ganowa, har aka riƙa kiran su akwatunan gawa, don in ɗalibi ya faɗi a ce ai tambayar ba ta da wuya. Ɗakin da babu kowa sai malami da ɗalibi, ba rubutu ba shaida, wuri ne da son zuciya ke iya yin yadda ya ga dama. Ko babu mugun nufi, akwai ɗalibin da ya fahimta sarai amma harshensa kan sarƙe in an tsura masa ido, akwai kuma mai zaƙin baki da ke rufe ramin iliminsa da surutu. In za a yi ta, sai da malamai biyu ko ɗaukar murya, da tambayoyin farko iri ɗaya ga kowa, da ma'aunin maki da aka sanar tun kafin ranar, da kuma atisaye don kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da ɗalibi ya taɓa yin bayanin lissafi da baki.

Ga kuma matsalar yawa. Ajin mutum 400, in kowa zai sami minti goma, ana maganar fiye da awa 66 ke nan. Wannan gaskiya ce da ba a kauce mata, amma ba ta rufe ƙofa ba, domin abin da ya yi aiki a zamana da ɗalibin nan ba bakin ba ne, irin tambayar ce. Ana iya yin ta a rubuce. A ba ɗalibi hujja mai ɓoyayyen kuskure a ce ya nuna layin da ta karye da dalili. A ce ya kawo misali nasa, kamar zanen da za a ja ba a ɗaga alƙalami ba amma yana da kusurwa mai kaifi a wuri guda, sannan ya faɗi abin da kusurwar ta hana. A cire sharaɗi ɗaya daga wata ƙa'ida a tambaye shi ko tana nan tsaye, in ta faɗi ya nuna inda ta faɗi. Ko kuma, bayan an karɓi jinga, a ɗauki minti goma na farkon darasi a ba da tambaya guda daga cikinta da ɗan sauyi, kowa ya amsa a zaune. Wanda ya yi jingarsa da kansa, ko ya nemi taimako amma ya tsaya ya gane, zai amsa cikin sauƙi. Manhajoji irin su STACK da WeBWorK, masu ba kowane ɗalibi tambaya da alƙaluma daban su kuma duba nan take, suna da kyau wajen atisaye kuma suna hana leƙen takardar maƙwabci, amma ba sa hana tambayar na'ura, don haka makinsu bai kamata ya yi nauyi ba.

Akwai wani wuri da ake yawan zamewa, kuma yana da haɗari. In ɗalibi ya kasa bayanin abin da ya rubuta, abin da aka tabbatar shi ne bai fahimta ba. Ba a tabbatar ya yi sata ba. Benny ma da zai kasa, ɗaliban Selden ma haka. Rashin fahimta maki yake shafa, kuma malami yana da cikakken iko a kansa. Tuhumar maguɗi kuwa magana ce ta mutunci, tana iya bin mutum har ƙarshen rayuwarsa, saboda haka tana buƙatar hujja tata daban da damar kare kai a gaban waɗanda ba su da hannu a rigimar. Raba waɗannan biyun yana sauƙaƙa wa kowa. Malami ba sai ya zama ɗan sanda ba kafin ya hana makin da ba a cancanta ba, ɗalibi mai gaskiya da ya rikice kuma ba za a shafa masa baƙin fenti ba. Wannan ba sassauci ba ne ga maguɗi. Wanda ya miƙa aikin wani da sunansa ya zalunci abokin karatunsa da ya kwana yana fama, ya kuma rage darajar takardar shaidar kowa. A lissafi ma cutar ta fi saurin komawa kan mai ita, domin darasi a kan darasi ake ɗora shi. Wanda ya tsallake kalkulas na farko da aron hannu zai tarar da shi yana jiransa a na biyu, ya ƙara girma.

Mu malamai ma akwai tambayar gaskiya a kanmu, kuma ba na jin daɗin yadda muke saurin wuce ta. In shekara biyar ana maimaita tambayoyi iri ɗaya da sauyin alƙaluma, an riga an gaya wa ɗalibi cewa hadda ake so, ko me aka faɗa a aji. In aka ɗora kaso mai tsoka na maki a kan jingar da kowa ya san waya na iya yi cikin daƙiƙa, an sa mai gaskiya a tsaka mai wuya, yana kallon maki na tafiya wurin wanda bai wahala ba. Ɗalibai suna karanta jarrabawa fiye da yadda suke karanta manhajar karatu, kuma tun da daɗewa haka abin yake. A ƙarni na 19 jarrabawar lissafi ta Jami'ar Kembirij da ke Ingila tana jera ɗalibai daga na ɗaya har na ƙarshe, sai aka sami masu horarwa na musamman da ke koyar da saurin warware irin tambayoyinta. Ɗaya daga cikinsu, Edward Routh, ɗalibansa ne suka riƙa zuwa na ɗaya kimanin shekara 20 a jere. Ba wanda ya yi maguɗi, amma manyan masana irin su G. H. Hardy sun ga tsarin yana horar da masu tsere ne yana danne zurfin tunani, suka yi ta fafutuka har aka daina jerin bayan 1909. Sakamakon da muke sa wa hannu magana ce muke yi wa duniya cewa wannan mutum ya san kaza. In ma'aunin da muka yi amfani da shi ba zai iya rarrabe mai fahimta da mai hadda ba, mu ma mun faɗi abin da ba mu tabbatar ba.

A wurin masu lissafi kansu, gaskiya ba ta tsaya ga kada ka kwafa ba. Ma'anarta ita ce kada ka rubuta "saboda haka" a inda ba za ka iya nuna dalilin ba, kuma in an nuna maka rami ka amsa cewa rami ne. A Yunin 1993 Andrew Wiles ya tsaya a Kembirij ya sanar da cewa ya warware matsalar Fermat, wadda ta gagari masana fiye da shekara 350, bayan ya shafe shekara bakwai yana aiki a kanta kusan a ɓoye. Jaridun duniya suka ɗauka. Aka raba rubutun, mai shafi wajen 200, ga masu tantancewa. Ɗaya daga cikinsu, Nick Katz, abokin aikinsa ne a Jami'ar Princeton. Ya riƙa bin sashensa layi bayan layi, duk inda bai gane ba ya aika wa Wiles tambaya, amsa ta dawo, ya wuce. A ƙarshen watan Agusta ya aika wata da ta yi kama da sauran, yana neman a nuna masa yadda wani mataki ya fito daga na gabansa. Amsar farko ba ta gamsar da shi ba, ta biyu ma haka. Wiles ya zauna ya duba, ya ga ba gyaran kalma ba ne, hujjar ce ta karye a wurin. A Disamban 1993 ya fitar da sanarwa cewa wani sashe na aikin bai kammala ba. Ya kira tsohon ɗalibinsa Richard Taylor suka ci gaba da fama, har ya kusa haƙura, sai a ranar 19 ga Satumban 1994 ya gano hanyar da za ta kewaye ramin. A Mayun 1995 mujallar Annals of Mathematics ta buga aikin a maƙala biyu, babbar da sunan Wiles shi kaɗai, ta biyun, wadda ta cike gurbin da tambayar Katz ta tono, da sunan Taylor da nasa.